Tambaya da Amsa: Jami'an Haraji Za Su Zo Duba Littattafan Shagona, Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan wutar lantarki kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a nan Kaduna, ina sayar da wayar wuta da soket da fanka da ƙwan fitila, kuma shekara shida ke nan da na yi wa kasuwancin rajista a matsayin kamfani. Cinikina a shekara yana kaiwa kamar naira miliyan 60. Makon jiya aka kawo mini takarda daga ofishin haraji na tarayya cewa nan da mako uku za su zo su duba harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kayan da aka sayar, na shekarar 2023 da 2024. Ina biya daidai gwargwado, amma akwai wata uku da ban shigar da komai ba, lokacin da nake jinyar mahaifiyata. Rasidai kuma wasu suna cikin jaka, wasu sun ɓace. Wani maƙwabcina ya ce in sayi sabon littafi in sa yaro ya cike shi kafin su zo, wani kuma ya ce in tanadar musu na goro kawai, magana ta mutu. Tun ranar da takardar nan ta zo ba na samun barci. Mene ne shawararka?
Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka maka da alheri a kan jinyar mahaifiya, ya kuma sa albarka a kasuwa. Da farko ka kwantar da hankalinka, domin irin wannan takarda ba sammaci ba ce, kuma ba ta nufin an kama ka da laifi. Bincike ne da hukumar haraji take yi wa kamfanoni lokaci zuwa lokaci, shi ya sa aka rubuto maka tun da wuri, aka faɗi shekarun da za a duba, aka kuma ba ka wa'adi. Binciken zamba daban yake, kuma ba a irin wannan siga yake zuwa ba.

Abin da jami'an za su yi idan sun zo ba shi da wani sirri. Za su ajiye abu uku a gabansu: littafin cinikinka, bayanan asusunka na banki, da kuma abin da ka riƙa shaida wa hukuma kowane wata cewa ka sayar. Daga nan sai su duba ko ukun sun yi magana da baki ɗaya. Duk inda suka ga kuɗi ya shiga banki ba a rubuta shi a littafi ba, ko an rubuta a littafi ba a shaida wa hukuma ba, za su ɗauke shi a matsayin cinikin da aka ɓoye, su ɗora masa haraji da tara da kuɗin ruwa, sai fa idan ka kawo hujjar da ta nuna ba haka ba ne. Saboda haka aikin da ke gabanka a wannan mako uku shi ne ka riga su yin wannan gwaji, ka gano wuraren da lissafi ya saɓa, ka nemi bayanin kowane ɗaya da takarda a hannu.

Kafin in shiga yadda za ka yi, bari in tuna maka yadda harajin yake, domin 'yan kasuwa da yawa suna biyan sa shekara da shekaru ba su san asalinsa ba. VAT ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 1994, bisa dokar soja ta 1993, inda ya maye gurbin harajin sayarwa da jihohi suke karɓa tun 1986. Ya daɗe a kan kashi 5 cikin ɗari, sai a ranar 1 ga Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5, kuma a nan yake har yanzu. Hukumar da take karɓar sa ita ce FIRS, wadda sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka mayar da ita NRS daga farkon 2026. Shekarun da aka ce za a duba maka, wato 2023 da 2024, da tsohuwar doka za a auna su, don haka kada wani ya rikita ka da sababbin ƙa'idoji. A tsohuwar dokar, duk wanda cinikinsa na kayan da ake ɗora wa haraji ya kai naira miliyan 25 a shekara wajibi ne ya karɓi VAT daga masu saye ya miƙa wa hukuma, kuma ka ga kai ka wuce wannan iyaka nesa. Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan kuɗi ba daga ribarka yake fita ba. Mai saye ne ya biya, kai kuma aka bar maka ajiya zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Amana ce a hannunka, kuma da wannan ido jami'an suke kallon sa.

Ka fara da takardar da aka kawo maka. Ka ɗauke ta da kanka ka je ofishin da fayil ɗin kamfaninka yake, ka tabbatar daga wurinsu ta fito, ka kuma nemi sunayen jami'an da aka ɗora wa aikin. Ka rubuta amsa a takarda mai ɗauke da sunan kamfaninka cewa ka karɓi saƙo, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Idan ka ga mako uku ba zai ishe ka ba, a cikin wannan amsa za ka roƙi ƙarin lokaci, ka faɗi dalili, ka kuma ambaci ranar da kake ganin za ka shirya. Roƙon da aka yi a rubuce tun da wuri ya fi samun karɓuwa a kan wanda aka yi da baki ranar da mutane suka riga suka iso ƙofar shago.

Sai ka wuce banki ka nemi bayanan asusu na wata 24 cif, daga Janairun 2023 zuwa Disambar 2024, na kowane asusu da kuɗin ciniki ya taɓa shiga, har da na na'urar POS da ke kan teburinka. A nan ne nake so ka fi ba da ƙarfi, domin a nan mafi yawan 'yan kasuwarmu suke faɗawa rami. Ka tuna watannin farko na 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuya har mutane suna kwana a layin banki. A wannan lokaci kusan kowane ciniki da taransifa aka yi shi, kuma idan asusun kamfani ya ƙi karɓa sai a ba mai saye lambar asusun mai shago, ko ta yaron shago, ko ta maƙwabci. Haka nan, a ɗaya ɓangaren, asusun kamfani ya zama wurin da kowa yake turo kuɗinsa: ƙani ya turo daga Legas a ba gida, 'yan adashi su zuba nasu, abokin kasuwa ya turo a cire masa, wani ya biya tsohon bashi. Kai ka san waɗannan ba ciniki ba ne, amma jami'in da ke zaune da takardar banki bai san ƙaninka ba, abin da yake gani kawai shi ne naira miliyan biyu ta shigo ranar kaza.

Don haka ka samu alƙalami mai launi ka bi takardun layi-layi. Duk kuɗin da ya shigo wanda ba na ciniki ba ne ka yi masa alama, ka rubuta a wata takarda daban: ranar kaza, adadi kaza, daga wane, saboda kaza. Sa'an nan ka nemo wa kowanne shaida. Idan rance ne daga banki, takardar yarjejeniya tana nan. Idan daga asusunka na kanka ka tura wa kamfani don ƙara jari, bayanan wancan asusu za su nuna fitar kuɗin a rana ɗaya. Idan aro ne daga ɗan'uwa, ya rubuta maka takarda ya sa hannu, da kwanan watan da ya rubuta ta na gaskiya, yana bayyana cewa a rana kaza ya ranta maka kaza. Idan kuɗi ne da ya shigo ya sake fita zuwa ga mai shi, ka haɗa shigar da fitar wuri ɗaya. Aiki ne mai cin rai, zai iya ɗaukar ka dare huɗu ko biyar, amma kowace naira miliyan ɗaya da ka kasa bayyanawa tana iya jawo maka harajin kusan naira 75,000 kafin a zo maganar tara.

Na taɓa zama da wani dattijo mai sayar da kayan gini muna irin wannan aiki bayan sallar isha'i, a kan tabarma, da fitilar caji a tsakaninmu. Ya zazzage wata babbar jaka a gabanmu, rasidai suka tarwatse, wasu a ɗaure da roba, wasu da hudar ƙusa a tsakiya domin a jikin ƙusa ake soke su a bangon shago. Da muka zo kan 'yan takardun da POS take fitarwa sai muka tarar da yawansu sun koma farare fat, zafin Maris da Afrilu ya cinye rubutun, ba a ganin ko adadi. Abin da ya cece shi wani tsohon littafi ne mai baƙin bango wanda ɗansa yake rubuta cinikin kowace rana a ciki, shafukansa duk maiƙo da ƙurar siminti, wani wuri da biro shuɗi wani wuri da ja. Ya so ya ɓoye shi don kunya, na ce masa wannan littafi ya fi duk abin da ke cikin jakar daraja. Da jami'an suka zo, shi suka fi daɗewa a kai, kuma da shi aka warware mafi yawan wuraren da lissafi ya saɓa.

Wannan ya kawo mu ga shawarar maƙwabcinka ta sabon littafi. Kada ka kuskura. Mutanen nan aikinsu ke nan kullum, kuma littafin shekara biyu da aka cike a mako ɗaya yana tona kansa: biro ɗaya, hannu ɗaya, shafi tsaf babu datti, ga ciniki a ranar Sallah da ranar zaɓe da aka hana zirga-zirga. Da zarar sun gane, maganar ta tashi daga kuskuren lissafi ta koma ƙirƙirar takardun ƙarya, wanda laifi ne da doka ta tanadi hukunci a kansa. Akwai kuma wata asarar: a binciken yau da kullum shekara shida baya kawai hukuma take iya komawa, amma idan aka samu zamba wannan iyaka ta faɗi. Abin da ya halatta, kuma yake da amfani, shi ne ka tsara taƙaitaccen lissafi na kowane wata daga ainihin takardun da kake da su, ka rubuta a kansa cewa taƙaitawa ce da aka yi yanzu, ka ajiye tsofaffin littattafan a gefensa yadda suke. Maganar na goro kuwa, ban da kasancewarta cin hanci da addini da doka suka hana, ba ta rufe fayil. Jami'in da ya karɓa za a iya sauya masa wurin aiki gobe, wanda ya gaje shi kuma zai buɗe fayil ɗin ya tarar da shekarun nan ba a kammala su ba, ka ga an yi ba a yi ba.

Yanzu sai rasidan sayen kaya, kuma a nan kuɗi na gaske yake. Doka ta ba ka dama ka cire VAT ɗin da ka biya lokacin da ka saro kaya daga wanda ka karɓa lokacin da ka sayar, bambancin kawai za ka miƙa. Mu ɗauki misali da ya yi kusa da cinikinka. A ce a wata ɗaya ka karɓi naira 5,375,000 daga masu saye, kuma farashinka ya riga ya haɗa da haraji. Ainihin kuɗin kayan naira 5,000,000 ne, harajin kuma naira 375,000. Hanyar fitar da shi ita ce ka ninka abin da ka karɓa sau 7.5 ka raba da 107.5, kada ka ɗora kashi 7.5 kai tsaye a kan jimillar, domin idan ka yi haka ka cuci kanka. A ce kuma a wannan wata ka saro kaya na naira 4,300,000, wanda a ciki akwai VAT na naira 300,000. Abin da za ka miƙa wa hukuma naira 75,000 ne kacal. Amma idan ba ka da takardar da ta nuna ka biya wancan 300,000 ɗin, jami'in zai soke shi, ya ce ka biya 375,000 gaba ɗaya. Ka lissafa 300,000 sau wata 24, za ka ga naira miliyan 7 da dubu 200 ce take rataye a kan waɗannan takardu da ke cikin jaka.

Ba kowace takarda ake karɓa ba. Wadda take aiki ita ce mai ɗauke da sunan mai sayarwa da adireshinsa da lambarsa ta haraji, wato TIN, da kwanan wata, da sunan kamfaninka a matsayin mai saye, da kuɗin kaya, da adadin harajin a rubuce daban. 'Yar takardar da dila ya yaga daga littafi ya rubuta "waya katan goma" ba za ta ba ka damar cire komai ba. Rasidan da suka ɓace kuwa ba su ɓace gaba ɗaya ba, domin manyan diloli da kamfanonin da kake saro kaya a wurinsu, ko a Legas suke ko Kano ko Onica, suna da nasu kwafi. Ka kira su tun yau ka roƙi su turo maka jerin duk abin da ka saya a shekara biyun tare da kwafin takardun. Ka kuma sani cewa a tsohuwar doka harajin kayan da ka saya don sake sayarwa kaɗai ake cirewa. Wanda ka biya a kan gyaran mota ko sayen janareta ko kujerun shago ba ya shiga wannan lissafi, kuma idan ka taɓa cire shi a baya gara ka gano da kanka ka gyara. Sabuwar doka ta faɗaɗa wannan dama, amma ba za ta koma baya ta shafi 2023 da 2024 ba.

Idan ka taɓa kai kaya wata ma'aikatar gwamnati ko banki, ka duba da kyau, domin irin waɗannan wurare sukan cire VAT ɗin tun daga tushe su miƙa wa hukuma da kansu. Ka nemi shaidar wannan cirewa, don kada a sake neman ka biya abin da aka riga aka biya.

Watanni ukun da ba ka shigar ba, ka shigar da su yanzu, kafin ranar zuwansu. Ka shiga shafin da ka saba shigar da bayananka, wanda a waɗannan shekaru TaxPro Max ne, ka fitar da kwafin duk watannin da ka shigar da shaidar biyan kowanne, sa'an nan ka cike giɓin. Ko da shago a rufe yake a watannin, doka tana so a shigar a ce babu ciniki. Tarar rashin shigarwa a tsohuwar doka naira 50,000 ce a watan farko, sai naira 25,000 a kowane wata da ya biyo baya, ka ga tana hauhawa ne muddin aka bar ta. Harajin da aka karɓa ba a miƙa ba kuma yana da tasa tarar ta kashi 10 cikin ɗari da kuɗin ruwa. Ba zan ce maka za a yafe ba, amma ka rubuta takarda ka bayyana dalilin jinyar, ka haɗa da shaidar asibiti, ka roƙi sassauci da damar biya kashi-kashi idan abin ya yi nauyi. Wanda ya kai kansa ya ce ga inda na gaza, ga kuma abin da na biya, ba a yi masa kallon da ake yi wa wanda aka tono.

Ina ba ka shawara ka ɗauki akanta ko masanin haraji mai rajista da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin sana'ar, CITN ko ICAN ko ANAN, ko da na wannan aiki kaɗai ne. Ku yi ciniki a kan ladansa tun farko, kuma ka guji duk wanda ya ce maka ya san mutane a ciki, zai kashe maganar. Wanda kake nema shi ne mai zama ya bi takardu da kai.

Ranar da suka zo, ka karɓe su da mutunci kamar kowane baƙo, ka duba katin shaidarsu ka gwada da sunayen da aka ba ka a ofis, ka ware musu wuri da teburi nesa da hayaniyar masu saye. Mutum ɗaya ya riƙa amsa tambaya, kai ko akantanka, yaran shago kuma ka gaya musu su faɗi gaskiya idan an tambaye su, amma kada su yi kintace a kan abin da ba su sani ba. Kai ma idan aka tambaye ka abin da ba ka tuna ba, ka ce za ka duba ka kawo amsa a rubuce. Kwafi za ka ba su, asalin takardu su zauna a wurinka, idan kuma dole sai sun tafi da wani littafi, a rubuta jerin abin da aka ɗauka su sa hannu. A ƙarshen aikin akan zauna a karanta abin da aka gano. Ka saurara da kyau, kada ka sa hannu a kan abin da ba ka fahimta ba, kuma inda ba ka yarda ba ka sa a rubuta cewa ba ka yarda ba.

Bayan haka za a aiko maka da sakamako, a kira ka zaman daidaita lissafi, daga bisani a fitar da takardar abin da ake bin ka. Ka lura da kwanan watan da ta iso hannunka, domin kwana 30 kake da su ka rubuta ƙin amincewa tare da dalilanka. Idan suka wuce ba ka rubuta ba, adadin ya tabbata a kanka ko da kuskure ne. Idan ka rubuta hukuma ta ƙi gyarawa, kana da wasu kwana 30 ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙararrakin haraji, kuma reshenta na shiyyar Arewa maso Yamma a nan Kaduna yake zama, ba sai ka je Abuja ba. Allah ya sa a gama lafiya.

TAMBAYA: Malam, ina da kanti a Kawo, ina sayar da shinkafa da wake da man gyaɗa, da kuma sabulu da man shafawa da lemon kwalba. Komai a littafi ɗaya nake rubutawa. An ce mini abinci ba shi da VAT. Idan aka zo bincike yaya za a yi da ni?
Daga wata mai karatu, Kawo.

AMSA: Hajiya, abin da aka gaya miki gaskiya ne, amma rabinta aka faɗa. Kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa, wake, gero, masara, doya, man girki, gishiri da burodi ba a karɓar VAT a kansu daga mai saye, haka ma magunguna da littattafan karatu da kayan jarirai. Sabulu da man shafawa da lemon kwalba kuwa suna cikin kayan da ake ɗora wa haraji. Matsalar littafi ɗaya ita ce, idan jami'i ya ga jimillar ciniki ba a rarrabe ba, nauyin nuna wane ne abinci wane ne ba abinci ba yana kanki, kuma abin da kika kasa rarrabewa ana iya ɗora masa haraji gaba ɗaya. Daga gobe ki ja layi a tsakiyar kowane shafi, abinci a dama, sauran kaya a hagu. Na shekarun baya kuma ki koma ga rasidan sari, domin su za su nuna buhu nawa na shinkafa kika saro da katan nawa na sabulu, daga nan a iya fitar da rabon kowanne cikin hujja. Mai yiwuwa ma idan kika ware abinci ki tarar sauran kayan ba su kai naira miliyan 25 a shekara ba, wadda ita ce iyakar tsohuwar doka, kuma sabuwar doka ta ƙara ɗaga wannan iyaka domin sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa. Amma ko wannan sassauci sai da littafi ake samun sa, domin da shi za ki nuna ke ƙaramar 'yar kasuwa ce. Ki ajiye littattafanki da rasidanki aƙalla shekara shida, a wurin da damina ba za ta taɓa su ba.

TAMBAYA: Ni maƙerin ƙofofi ne a Panteka. Wasu mutum biyu sun zo da riguna masu tambari suka ce in ba su naira 20,000 kuɗin VAT a hannu, in ba haka ba za su rufe mini wurin aiki. Na ba su rabi, sun ce za su dawo.
Daga wani mai karatu, Panteka.

AMSA: Malam, kada ka ƙara ba su ko sisi. VAT harajin tarayya ne, ta banki ake biyan sa da lambar harajin mai biya, kuma babu jami'in da aka ba izinin karɓar sa a hannu a bakin shago. Ko harajin jiha ne, wanda hukumar KADIRS take karɓa, tun a 2016 dokar haraji ta Jihar Kaduna ta hana karɓar tsabar kuɗi. Idan sun dawo ka nemi katin shaidarsu da takardar da aka turo su da ita, ka rubuta sunayen da ke jiki, ka ce musu za ka je ofis da kanka ka biya abin da ake bin ka ta banki. Ka sanar da shugabannin ƙungiyarku ta kasuwa tun yau, domin da wuya a ce kai kaɗai suka zo wa, sa'an nan ku je ofishin haraji tare ku kai rahoto a rubuce, da ranar da suka zo da adadin da suka karɓa.